Ƙidayar Ƙananan Dabbobin Teku a Gaɓar Tsibiran Tanzaniya

Ruwan da ke kewaye da tsibiran yankuna masu zafi ya yi suna wajen shuɗi da garau, har wanda ya leƙa daga kwalekwale yakan hango yashin ƙasa, sai dai a wurin masanan teku wannan garau ɗin alama ce ta ƙarancin abinci, domin ruwan da ya wadata da rai yakan yi kore ko ya ɗan gurɓace. Ɗan abin da ke cikinsa kuwa shi ake kira filankton, wato halittun da ba su da ƙarfin yin iyo su keta igiyar ruwa, sai inda ta kora su. Kalmar ta samo asali ne daga Girkanci, inda take nufin mai gararamba, kuma wani masani Bajamushe na jami'ar Kiel, Victor Hensen, shi ya shigar da ita cikin ilimi a 1887. Filankton iri biyu ne, akwai na tsirrai, waɗanda ke haɗa abincinsu da hasken rana, akwai kuma na dabbobi, waɗanda ke cin na tsirran ko su ci junansu, su kuma kifaye su cinye su. Masu ƙyanƙyasar tarwaɗa a gonakin kifi sun san irin waɗannan dabbobi, domin da su ake fara ciyar da 'ya'yan kifi kafin bakinsu ya isa ɗaukar abincin buhu.

Mafi yawan abin da raga ke kamowa a tekun duniya wasu 'yan halittu ne da ake kira kofifod, dangin jatan lande da kaguwa, waɗanda galibinsu ba su wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, suna da dogayen gashin kai guda biyu da suke buɗewa don kada su nitse. Tare da su akan sami tsutsar kibiya, mai jiki garau kamar gilashi da ƙugiyoyi a baki, wadda ke farautar kofifod ɗin, da wasu masu gina wa kansu gida na majina suna tace ruwa da shi, in ya toshe su yar su gina wani. Waɗannan duka a cikin ruwa ake haifarsu kuma a can suke mutuwa. Akwai kuma baƙi na ɗan lokaci, wato ƙwan kifi da 'ya'yansa, da 'ya'yan kaguwa da na dodon koɗi da na murjani, waɗanda ke yawo na kwanaki ko makonni kafin su sauka ƙasa su ɗauki kamannin iyayensu. A gaɓar tsibiri waɗannan baƙi sukan yi yawa ƙwarai, kuma su ne suka fi shafar masunci kai tsaye, tunda kifin baɗi yana cikinsu.

Tsibiran Unguja da Pemba, waɗanda suka haɗu suka zama Zanzibar, da tsibirin Mafia da ke kudu da su, wuri ne da ya dace da bayanin aikin ƙidayar filankton, domin a Unguja ne Jami'ar Darussalam ta kafa cibiyarta ta nazarin teku a 1978, kuma rayuwar mutanen wurin ta dogara da kifi, musamman ƙananan kifayen da ake kira dagaa da Swahili, waɗanda ake jawowa da fitila da dare, abincinsu kuwa filankton ne.

Kayan aikin ba su da wani ban mamaki. Raga ce mai siffar mazurari, wadda aka saƙa da zaren nailan mai laushi, bakinta zobe ne na ƙarfe, a wutsiyarta kuma an ɗaura kofi inda abin da aka tace ke taruwa. Wadda aka fi amfani da ita ana kiranta WP2, kuma ta yaɗu ne bayan hukumar UNESCO ta wallafa shawarwarin masana game da ɗibar samfuri a 1968. Faɗin bakinta santimita 57 ne, wato filin bakin rubu'in murabba'in mita ne, idanunta kuma maikiromita 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita. An zaɓi wannan faɗin bakin ne don sauƙin lissafi, domin in an ja ragar tsawon mita 100, ta tace ruwa mita kubik 25, wanda ya yi daidai da lita 25,000. Amma ba a dogara da wannan lissafi kaɗai, saboda raga takan toshe da majina da ƙananan tsirrai har ruwa ya riƙa kauce wa bakinta, shi ya sa ake rataya wata 'yar farfela mai ƙirga juyinta a tsakiyar zoben, a rubuta lambar da take nunawa kafin a jefa da bayan an ɗago. A ruwa mai zurfi akan saukar da ragar ƙasa a jawo ta sama a miƙe, a bakin gaɓa kuwa, inda zurfin bai taka kara ya karya ba kuma duwatsun murjani na iya yayyaga ta, jan ta ake yi a bayan ƙaramin jirgi na 'yan mintoci, da saurin da bai fi tafiyar mutum a ƙasa ba. Da an ɗago, sai a wanke ragar daga waje don abin da ya maƙale ya gangara cikin kofi, a juye a kwalba, a zuba fomalin har ya kai kashi 4 cikin ɗari, sannan a rubuta wuri da rana da sa'a da fensir a kan takardar da ba ta jiƙewa a jefa ciki, domin rubutun biro narkewa yake yi, kwalbar da ta rasa bayaninta kuwa ta zama ruwan banza.

Wahalar aikin tana wajen sanin me kwalbar take wakilta. Hensen, wanda ya jagoranci wata tafiyar bincike a Tekun Atalantika a 1889, ya ɗauka cewa filankton a baje yake daidai wa daida a cikin teku, ta yadda ɗiba kaɗan za ta isa a kimanta sauran, amma Ernst Haeckel ya yi masa raddi mai zafi a shekarar da ta biyo baya, yana cewa gungu-gungu suke taruwa, kuma lokaci ya nuna Haeckel ya fi kusa da gaskiya. A kusa da tsibiri wannan rashin daidaito yakan ninka. Tun a 1956 Maxwell Doty da Mikihiko Oguri suka nuna a tsibirin Oahu na Hawai cewa yalwar filankton na tsirrai tana ƙaruwa yayin da ake matsowa gaɓa, saboda tsibiri yana tare igiyar ruwa ya sa ta murɗawa ta ɗago ruwan ƙasa mai taki, ga kuma abin da ruwan sama ke wankowa daga tudu da kashin tsuntsayen teku. Ke nan ɗibar da aka yi a bakin gaɓa da wadda aka yi kilomita kaɗan daga nan suna iya zama kamar daga tekuna biyu aka kawo su.

Dare da rana ma ba ɗaya suke ba. Dabbobin filankton da yawa sukan nitse da rana don ɓuya daga kifayen da ke farauta da ido, su hauro sama bayan magariba su yi kiwo, a kan duwatsun murjani kuma akwai waɗanda ke yini a cikin yashi da ramukan dutse, sai da dare su fito, abin da Alice Alldredge da abokin aikinta suka auna a tsibirin Lizard na Ostareliya a 1977 ta hanyar kifa tarkuna a ƙasan ruwa. Filankton da ke shigowa daga faɗin teku da rana kuwa yakan tarar da abin da William Hamner da abokan aikinsa suka kira bangon bakuna a 1988, wato dubban ƙananan kifaye da ke jeruwa a gaban murjani suna tsince duk abin da igiya ta kawo. Mai binciken da ya fita da hantsi, saboda lokacin ne jirgi da matuƙi suka fi sauƙin samuwa, yana iya komawa da kwalba kusan fayau ya rubuta cewa wurin ba shi da rai, alhali sa'ar da ya zaɓa ce ta yaudare shi. A Zanzibar akwai ƙarin abubuwa biyu: cikowa da janyewar teku, wadda a lokacin tsayuwar wata da cikarsa takan kai kimanin mita 4, tana kwaso 'ya'yan kaguwa daga kurmin itatuwan ruwan gishiri irin na mashigin Chwaka ta fitar da su, sai kuma iskoki biyu da ke raba shekara, kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas tun wajen Nuwamba zuwa Maris, da kusi mai ƙarfi daga kudu maso gabas wadda ke biyo baya, kowace da zafin ruwanta da igiyarta.

Ita kanta ragar tana da son kai. A ruwa mai ɗumi kofifod ƙanana ne suka fi yawa, irin su Oithona da Oncaea, kuma da yawansu, balle 'ya'yansu, sukan sulale ta idanun maikiromita 200, shi ya sa masu bincike a yankuna masu zafi kan haɗa da raga mai idanu 64 ko 100, wadda ita kuma saurin toshewa gare ta. Manya masu ƙarfin iyo, kamar 'ya'yan kifin da suka fara tasawa, sukan ji motsin ragar su kauce, masu jiki mai taushi kuma sukan dagargaje. Abin da ya faru a Mafia kuma ya nuna girman matsalar taruwa gungu-gungu. Ƙaton kifin shak mai ɗigo-ɗigo, wanda ya fi kowane kifi girma a duniya kuma filankton ne abincinsa, yakan taru a mashigin Kilindoni, kuma binciken da Christoph Rohner da abokan aikinsa suka wallafa a 2015 ya gano cewa wani siririn jatan lande mai suna Lucifer hanseni yake bi, kuma ragar da aka ja a daidai inda yake kiwo ta kamo kusan ninki goma na abin da ake samu a sauran ruwan mashigin. Da a wurare tsayayyu kaɗai aka yi ɗibar, da an rasa gane abin da ke riƙe irin wannan dabba a wurin.

Sauran aikin a ɗakin bincike yake, kuma shi ne mafi cin rai. Kwalba ɗaya tana iya ɗauke da dubban halittu, don haka akan raba ta biyu da wata na'ura mai kama da ganga, a sake raba rabin, har a sami kason da za a iya ƙirgawa, a zuba shi a farantin gilashi mai kwarmi a murɗe, a bi kwarmin ƙarƙashin madubin ƙara girma ana juya kowace dabba da allura. Bambance jinsin kofifod biyu yakan dogara da siffar ƙafa ta biyar, ƙwarewar da ke ɗaukar shekaru, kuma masu ita ba su da yawa ko a manyan ƙasashe. A ƙarshe akan mayar da adadin zuwa yawan halittu a kowace mita kubik, lambar da ba ta da amfani sai an kwatanta ta da wata da aka samo da raga iri ɗaya, a wuri ɗaya, a sa'a ɗaya. Tekun da ke kewaye da Birtaniya yana da irin wannan jerin awo tun 1931, lokacin da Alister Hardy ya fara sa jiragen kasuwanci suna jan na'urarsa ta tattara filankton, amma a yawancin tsibiran yankuna masu zafi binciken yakan tsaya da zarar kuɗin aikin ko karatun ɗalibin ya ƙare, abin da ke sa ya yi wuya a rarrabe sauyin da ɗumamar teku ta kawo da wanda kaskazi da kusi ke kawowa kowace shekara. Sababbin hanyoyi sun rage wahalar ƙirga, domin akwai na'urar ZooScan mai ɗaukar hoton samfuri ta bar kwamfuta ta rarrabe shi, akwai kuma gwajin ƙwayoyin gado da ke fitar da sunayen jinsunan da ke cikin kwalba a dunƙule, sai dai fomalin yana lalata ƙwayoyin gadon, don haka masu wannan aiki sukan raba ɗibar tun a cikin jirgi, rabi a fomalin don ƙirga, rabi a sinadarin etanol don gwaji.