Yaushe bakin yaro ke buɗewa, kuma yaushe jinkirin magana ke buƙatar ganin likita?

A gidaje da yawa, da zarar yaro ya kai shekara biyu bai fara haɗa kalmomi ba, sai hankalin uwa ya tashi, musamman idan ɗan maƙwabta da aka haifa wata ɗaya da shi ya riga ya fara zuba surutu. Amsar da ta saba ji daga kakanni ita ce ta kwantar da hankalinta, nauyin baki ne, ubansa ma haka ya yi. Sau da yawa maganar tasu gaskiya ce, domin yara sun bambanta ƙwarai wajen lokacin fara magana. Sai dai akwai iyakar da idan aka wuce ta, jira yakan cutar da yaro, kuma abin da ya kamata a fara bincika shi ne kunnensa.

Magana tana farawa ne tun kafin kalmar farko. Jariri ɗan wata biyu zuwa uku yakan yi 'yan sautuka masu taushi idan ana masa wasa. Tsakanin wata shida zuwa tara yakan shiga gwaranci, yana maimaita gaɓoɓi kamar "ba-ba-ba" da "da-da-da", yana kuma waiwayowa idan an kira sunansa. A daidai cikarsa shekara ɗaya, ko jim kaɗan bayan haka, yawancin yara kan furta kalmar farko mai ma'ana, irin su "mama" ko "baba", su kuma nuna abin da suke so da yatsa. Idan yaro ya kai wata 18, ana sa ran yana da wasu 'yan kalmomi bayan waɗannan biyun, kuma yana gane umarni mai sauƙi kamar "zo" ko "kawo".

Shekara biyu ita ce matakin da masana suka fi sa wa ido. A nan ne yaro ke fara haɗa kalmomi biyu, ya ce "ba ruwa" ko "Baba tafi". Tsakanin shekara biyu zuwa biyu da rabi, kalmominsa kan kai 50 ko fiye. Yana shekara uku zai iya yin gajerun jimloli da tambayoyi, yana shekara huɗu kuma zai iya ba da labarin abin da ya faru da shi a makaranta ko a wajen wasa.

Fara magana daban, fitar maganar sarai daban. Ma'aunin da likitocin yara suka daɗe suna amfani da shi shi ne, baƙon da bai saba da yaro ba zai fahimci kusan rabin maganarsa idan yana shekara biyu, kashi uku cikin huɗu idan yana shekara uku, sannan kusan dukkanta idan ya kai shekara huɗu. Saboda haka tsamin baki a wurin ɗan shekara biyu ko uku abu ne da aka saba gani. Sautukan da leɓɓa ke fitarwa, kamar "b" da "m", su ne ke fara zuwa. Masu buƙatar sarrafa harshe sosai, irin su "r" da "ts", sukan makara, shi ya sa ake jin yaro yana cewa "luwa" ko "yuwa" a maimakon ruwa. Wannan yakan gyaru da kansa yayin da yaro ke girma.

Haka ma in'ina. Takan bayyana tsakanin shekara biyu zuwa biyar, lokacin da tunanin yaro ke gudu fiye da bakinsa, kuma mafi yawan yara sukan rabu da ita. Tsawa, dariya ko ƙarasa masa magana suna ƙara masa tsoro ne kawai. Idan ta wuce wata shida, ko yaron ya fara ƙin yin magana saboda ita, ya dace a kai shi asibiti.

Akwai alamomin da bai kamata a jira a kansu ba. Na farko, jaririn da ba ya razana da ƙara mai ƙarfi, ko wanda ya kai wata tara ba ya gwaranci. Na biyu, ɗan shekara ɗaya da ba ya waiwayowa idan an kira shi, ba ya nuni da yatsa, ba ya ɗaga hannu don bankwana. Na uku, wanda ya kai wata 18 ba kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai haɗa kalmomi biyu ba. Mafi gaggawa duka shi ne yaron da ya fara magana sannan ya daina, ko kalmomin da ya iya suka ɓace masa, a kowane shekaru yake.

Dalilin da ya sa ake fara duba kunne shi ne yaro yana koyon magana ne daga abin da yake ji. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yara miliyan 34 a duniya na fama da raunin ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na raunin ji a tsakanin yara yana zuwa ne daga abubuwan da ake iya karewa. Da dama daga cikinsu sanannu ne a Najeriya: sanƙarau, ƙyanda, hangum, shawara mai tsanani a kwanakin farko na haihuwa, wahalar numfashi lokacin haihuwa, da ciwon kunne mai zubar da mugunya da aka bari ya daɗe. Wasu allurai, irin su jentamaisin, suna iya lalata ji idan aka yi su ba bisa umarnin likita ba. Yaron da ke ji sama-sama yakan ruɗi iyaye, domin yana jin ƙarar babur da bugun ƙofa, amma sautukan magana ba sa isa gare shi sosai. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau ya kamata a auna jinsa, ko da ya warke sarai a ido.

Bayan kunne, likita zai duba ko jinkirin ya shafi sauran girman yaro, kamar zama da tafiya, ko kuma yana tare da alamun galahanga, wadda likitoci ke kira otizim, inda yaro ke kauce wa haɗa ido da yin wasa da mutane. Rashin abinci mai gina jiki da yawan rashin lafiya su ma suna ja da yaro baya. Wasu yaran kuma ba a samun wani dalili a tare da su, kuma da yawa daga cikinsu sukan kamo sa'o'insu kafin su shiga makaranta.

Wasu abubuwan da ake ɗora wa laifi ba su da hannu a ciki. Jin harsuna biyu ko uku a gida, kamar Hausa da Fulatanci ko Yarbanci da Turanci, ba ya hana yaro magana. Yakan gauraya su na ɗan lokaci, kuma idan za a ƙirga kalmominsa sai a haɗa na dukkan harsunan. Gaskiya ne maza kan ɗan makara fiye da mata, amma bambancin kaɗan ne, bai isa a bar namiji ɗan shekara uku ba magana ba. Linzami, wato tantanin da ke ƙarƙashin harshe, yana iya shafar shan nono ko furta wasu sautuka, amma ba ya hana yaro sanin kalmomi. Yanke shi ko cire beli a wajen wanzami na iya jawo zubar jini da kamuwa da cuta, kuma ba zai sa yaro magana ba.

Babban abin da ke buɗe bakin yaro a gida shi ne hira da shi. Uwa ta riƙa faɗa masa sunan abin da take yi lokacin wanka da girki, uba da yayye su amsa masa idan ya yi gwaranci, a ba shi lokaci ya mayar da martani. Idan ya ce "mota", a ce masa "e, ga babbar mota ta wuce". Tatsuniya, waƙoƙin raino da kallon littafi mai hotuna duk suna ƙara masa kalmomi. Waya da talabijin ba sa maye gurbin wannan, domin ba sa amsa wa yaro. A ƙa'idojin da ta fitar a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaro ɗan ƙasa da shekara biyu gaban allo, masu shekara biyu zuwa huɗu kuma kada su wuce awa ɗaya a rana.

Iyayen da suka ga ɗaya daga cikin alamomin da aka ambata za su iya farawa daga asibitin sha-ka-tafi mafi kusa, su nemi a tura su wurin likitan yara ko sashen kunne, hanci da maƙogwaro. Asibitocin koyarwa na tarayya suna da irin wannan sashe, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna. Ana iya auna jin jariri tun yana ɗan kwanaki, da na'urar da ba ta sa masa zafi. Idan an gano rauni da wuri, na'urar ƙara ji, horo daga ƙwararren mai gyaran magana ko koyon maganar hannu suna ba yaro damar samun harshe a shekarun da ƙwaƙwalwarsa ta fi saurin ɗauka. Kammala alluran rigakafi, ciki har da na ƙyanda da sanƙarau da ake yi kyauta a cibiyoyin lafiya na gwamnati, yana kare jin yaro tun kafin matsalar ta taso.