Jakin Jita Da Jakin Goge: Daga Ina Amo Ke Fitowa?

Duk wanda ya taɓa ƙura wa goge ko garaya ido zai lura da wani ɗan guntun itace da aka ɗora bisa fatar ƙoƙon, tsirkiya ta bi ta kansa. Bahaushe ya kira shi jaki, kuma a ganina babu sunan da ya fi wannan dacewa, domin kaya yake ɗauka, ba a kuma tuna shi sai ranar da ya gaza. Jitar lantarki ma tana da nata jakin, na ƙarfe, kuma a kansa ne makaɗan Turai da Amurka suka daɗe suna jayayya: shin idan aka cire wanda jitar ta zo da shi aka ɗora mai tsada, amon zai canza?

Bari in fara da sunan, tunda harshe ne fagena. Sa'ad da kamfanin Fender ya fito da jitar Stratocaster a 1954, ya ɗora mata jaki mai hannu, wanda idan makaɗi ya danna sai wayoyin su saki, murya ta yi ƙasa, idan ya sake ta dawo. Leo Fender ya kira shi tiremolo. To amma a Italiyanci, inda kalmar ta fito, masana kiɗa sun keɓe tiremolo ga rawar ƙarfin murya, wato ta yi ƙarfi ta yi rauni. Hawa da saukar murya kuwa sunansa bibirato. Kuskuren ya zauna daram shekara 70, har ya zama daidai a bakin kowa. Mu da harshenmu ke da karin sauti ba za mu raina wannan bambanci ba, domin hawa da saukar murya ne ke raba kuka na hawaye da kuka ta miya.

Yadda abin ke aiki kuwa shi ne, ƙarƙashin farantin jakin akwai wani dunƙulen ƙarfe da ya ratsa cikin gangar jitar, a bayansa an ɗaura sifirin uku ko biyar suna ja, wayoyi shida kuma suna ja ta gaba. Jakin yana tsaye ne tsakanin ja biyu. Jitoci masu araha sukan zo da siririn dunƙule na tutiya, don haka gyaran farko da makaɗa ke yi shi ne su musanya shi da mai kauri na baƙin ƙarfe ko tagulla. Hujjarsu tana da tushe. Jitar lantarki ba daga itace take ɗaukar murya ba, maganaɗisun da ke ƙarƙashin wayoyi ne ke jin motsinsu ya mayar da shi lantarki. Saboda haka duk ƙarfin da ya zurare ta jaki ya shiga itace, hasara ne ga wayar. Jaki mai nauyi da tauri yana mayar mata da ƙarfinta, sai ta daɗe tana kaɗawa.

A nan ne al'amarin ya ba ni sha'awa, domin jakin goge kishiyar wannan aiki yake yi. Izgar doki ita kaɗai ba ta da muryar da za ta cika ɗaki, sai jaki ya kwashi motsinta ya kai wa fatar guza, fatar ta kaɗa iskar da ke cikin ƙoƙo. Idan jakin ya yi nauyi, goge ya shaƙe. Idan aka matsar da shi yatsa ɗaya, murya ta canza. Haka kuntigin marigayi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015: gwangwani ne da fata da waya guda, amma an ji shi har ƙasashen waje.

Ra'ayina a kan jayayyar jita shi ne, canjin amon gaskiya ne amma kaɗan ne, bai kai wanda maganaɗisu ko amsa-kuwwa ko yatsun makaɗi ke kawowa ba. Ribar da ba a musu a kanta ita ce tsayuwar saiti. Wannan ne ya sa Floyd Rose ya ƙera nasa jakin a ƙarshen shekarun 1970, wanda ke damƙe wayoyi ta kai da ta gindi, Eddie Van Halen kuma ya sa duniya ta san shi. Sai dai yana da farashi: sau da yawa sai an fafe itacen jitar, kuma idan waya guda ta tsinke a tsakiyar wasa, sauran biyar duk sun ɓata. Mdou Moctar, makaɗin Buzaye daga jihar Tawa ta Nijar wanda a yau Stratocaster yake kaɗawa, jitarsa ta farko da wayar birkin keke ya haɗa ta da hannunsa.

Abin da ke damuna shi ne, a kan dunƙulen ƙarfen nan kaɗai an yi rubuce-rubuce da gwaje-gwaje masu yawa, amma wane itace masu garaya ke zaɓa su sassaƙa jaki, kuma don me? A Ƙetare inda na tashi, masu kiɗan farauta sun san amsar, sun san ceba da aikinta na ƙara wa amo zuzu. Tun 1971 David Ames da Anthony King suka tattara kalmomin kiɗan Hausa a littafi guda, da Turanci. Yau rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, taron dare ya yi wuya, fiyano kuma ta mamaye situdiyon Kano. Sassan Hausa na jami'o'inmu a Katsina da Zariya da Kano suna da ɗaliban da ke neman batun bincike kowace shekara, yawancinsu kuma ga baitocin waƙa suke karkata. Ina ba da shawarar a tura wasunsu da rikoda da ma'auni wurin masu haɗa goge da garaya da gurmi da suka yi gudun hijira zuwa Funtuwa da Malumfashi, a rubuta sunan kowane sashe da itacensa da awonsa.