Girgizar ƙasa: Yadda tawagogin ƴan sa-kai ke zuwa ceto a ƙasashen waje, da abin da ke yi musu cikas

A daren 8 ga Satumba 2023, girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 6.8 ta afka wa lardin Al Hawuz da ke tsaunukan Atlas na Maroko, inda kusan mutum 3,000 suka rasu. Kafin gari ya waye, ƙungiyoyin masu ceto a ƙasashe da dama sun ɗaure kaya suna jiran izini. Sai dai hukumomin Rabat sun amince da tayin ƙasashe huɗu ne a hukumance: Sifaniya, Birtaniya, Katar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Hujjarsu ita ce, shigowar tawagogi barkatai na iya dagula aiki maimakon ta taimaka. Lamarin ya jawo muhawara, musamman a Faransa, ya kuma nuna cewa kyakkyawar niyya kaɗai ba ta isa ba.

Su wane ne waɗannan ƴan sa-kai?

Galibinsu masu kashe gobara ne, likitoci, injiniyoyin gini da masu horar da karnuka, waɗanda ke barin aikinsu na ƴan kwanaki su tafi. A Meziko akwai ƙungiyar Topos, wadda ta samo asali daga mazauna unguwa da suka yi ta tonon ɓaraguzai bayan girgizar 1985. A Turkiyya akwai AKUT, wadda masu hawan tsaunuka suka kafa a 1996. Daga Afirka kuma akwai Gift of the Givers ta Afirka ta Kudu, wadda Dokta Imtiaz Sooliman ya kafa a 1992, ta kuma aika tawaga Haiti a 2010 da Turkiyya a 2023.

Ƙa'idar shiga

Babu tawagar da ke shiga wata ƙasa sai gwamnatin ƙasar ta buƙata ko ta amince. Ruɗanin da aka gani a girgizar Meziko da ta Armeniya a 1988, lokacin da baƙin tawagogi suka riƙa cin karo da juna a wuri ɗaya, shi ya sa aka kafa INSARAG a 1991, ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Ita ce ke tantance tawagogi gwargwadon ƙarfinsu. Babbar tawaga dole ta iya aiki a wurare biyu lokaci guda, dare da rana, har kwana 10. Wajibi ne kuma kowace ta zo da abincinta, ruwanta da tantinta, don kada mai taimako ya zama kaya a kan wanda bala'i ya samu.

A wurin aiki, karnuka ke fara shinshinar numfashin mai rai, sannan a kafa na'urorin sauraro, a zura ƙananan kyamarori ta kafofi. Idan aka busa usur na neman shiru, kowa ya tsaya cik. Likita na kusa tun kafin a ɗaga nauyi, domin gaɓar da aka daɗe da dannewa na iya sakin guba cikin jini ta lalata ƙoda.

Tsere da lokaci

Masana na ɗaukar sa'o'i 72 na farko a matsayin mafi muhimmanci. Amma kafin a sami izini, a yi lodin jirgi, a ratsa hanyoyin da suka tsage, an ci kwana ɗaya ko biyu. A Haiti, inda hukumomi suka ce fiye da mutum 200,000 sun mutu, tawagogin waje sun zaƙulo mutum 130 da ƴan kai da ransu. A Turkiyya, wadda ta nemi agajin duniya tun ranar 6 ga Fabrairu 2023, an rasa fiye da mutum 50,000, ciki har da ɗan ƙwallon Ghana Christian Atsu, wanda aka gano gawarsa a Antakya bayan kwana 12. A arewa maso yammacin Siriya kuwa, ƴan sa-kan gida da ake kira Fararen Huluna ne suka yi tonon kusan su kaɗai.

Irin ginin ma na da tasiri. Siminti kan bar kogo da mutum zai yi numfashi, amma gidajen ƙasa na ƙauyukan Atlas sun ruguje sun zama turɓaya.

Darasi ga yankin Sahel

Duk inda aka duba, yawancin waɗanda suka tsira maƙwabta da dangi ne suka ciro su a sa'o'in farko. Wannan ya shafi Nijar, inda ambaliyar 2024 ta kashe fiye da mutum 300, da yawansu sakamakon rushewar gidaje. Gidan ƙasa idan ya faɗi ba ya jiran jirgi daga Turai. Horar da matasan unguwa kan agajin gaggawa, da wadata masu kashe gobara da kayan aiki, shi ne cetar da za ta iso a kan lokaci.