Yadda Omo Ke Fitar da Maiƙo

Ruwa da mai ba sa ga maciji, shi ya sa tabon manja a riga ba ya jin ruwa zalla. Sinadarin wankin da ke cikin omo yana da ɓangare biyu: kai mai son ruwa, da jela mai son maiƙo. Jelar ta nutse cikin tabon, kan ya tsaya a ruwa. Da an cuɗa rigar, sai maiƙon ya farfashe ƙanana-ƙanana, sinadarin ya kewaye su, ɗauraya ta tafi da su.

Ruwan rijiya mai yawan kalsiyam kan kashe ƙarfin sabulu, amma omo na jure masa. Kumfa kuwa ba ita ke wanki ba, don haka zuba gari da yawa asara ce kawai.