Ciwon matsematsi bayan ɗaukar kaya: wanne ne na hutu, wanne ne na asibiti?

Ɗan dakon da ya cicciɓi buhun siminti mai kilo 50 da ɗan ƙwallon da ya tale ƙafa zai tare hari, kowannensu na iya wayar gari da ciwo a matsematsi, amma ba lallai abu ɗaya ke damunsu ba.

Galibi tsoka ce ta ja. Tsokokin cikin cinya da ke haɗe ƙafafu suna manne da ƙashin mara, kuma juyi na ba-zata yakan ɗan yaga su. Ana gane wannan idan ciwon ya ƙaru yayin da mutum ya matse gwiwoyinsa. Hutu, da ɗora ƙanƙara a naɗe cikin tsumma a kwanakin farko, sannan komawa motsi sannu a hankali, yawanci sun wadatar.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙaba. A bangon mara akwai wuri mai rauni, inda jijiyoyin maraina ke ratsawa. Yunƙurin ɗaga nauyi yana matsa ciki, sai hanji ya turo ta nan. Kumburin yakan fito in an tsaya ko an yi tari, ya koma in an kwanta, shi ya sa mutane ke cewa ai ya tafi. Bai tafi ba. Kusan namiji 1 cikin 4 zai gamu da ƙaba a rayuwarsa, mata kuwa kusan 3 cikin 100. Jiƙo ko ɗamara ba sa toshe wannan ɓula, tiyata ce kaɗai ke gyara ta. Kunya kan sa magidanci ya ɓoye har ta sauka ta zama gwaiwa, alhali aikinta tun tana ƙarama ya fi sauƙi. Ranar da kumburin ya yi tauri, ya ƙi komawa, ga amai, ga ciki ya ɗaure, to hanji ya shaƙe ke nan, kada a kwana a gida.

Wani lokacin matsalar daga gaɓar kwatangwalo take, ko tsakuwar ƙoda, ko kaluluwa saboda miki a ƙafa.

Iyaye kuma su kula: yaro matashi da ya ji ciwo mai tsanani farat ɗaya a ɗan marainansa, mai yiwuwa ɗan marainan ne ya murɗe, jini ya daina isa gare shi. Likitoci sun fi samun damar ceto ɗan marainan idan an yi aiki cikin awa 6 da fara ciwon.