Ina gauraka ta shiga?

Ɗan uwa, yaushe rabonka da ganin gauraka tana kiwo a fadama, ba a waya ba, ba kuma a gidan wani attajiri ba? Tambayi dattawan Kafin Dafga ko na Rogo ka sha labari. Tsuntsuwar da ake kira tsuntsuwar ƙasa a Najeriya yau ta kusa ƙarewa a dazukanmu, kuma ƙungiyar IUCN ta saka ta cikin halittun da ke fuskantar barazana.

Masu kama ta su sayar suna da laifi, amma ba su kaɗai ba. Gauraka a cikin ciyawar fadama mai ruwa take sheƙa. In fadama ta bushe, ko an hana farauta ba ta da wurin ƙyanƙyasa. Shi ya sa masana suka ce a kare mazaunin gaba ɗaya: ruwa, ciyawa, itatuwa da mutanen da ke ci daga wurin.

Abin kuwa ya shafe mu kai tsaye. Dam ɗin Challawa da ke Ƙaraye, wanda aka kammala a 1992, da na Tiga na 1974, su ke riƙe ruwan da ke gangarawa kogin Haɗeja har dausayin Haɗeja da Nguru, inda tsuntsaye daga Turai ke sauka duk hunturu. Madatsun sun kawo noman rani da ruwan sha, babu musu. Amma ambaliyar da ke cika fadamun can ta ragu, ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa. Tsuntsu ya rasa masauki, masunci da manomin shinkafa su ma suka ji a jikinsu.

To akwai mafita? Leƙa Maraɗi. Tun wajajen 1983 manoma can suka rungumi sassabin zamani: maimakon ƙone kututture, sai a bar tohonsa, a rage rassa, ya sake zama bishiya. An kiyasta bishiyoyi kusan miliyan 200 sun dawo a gonakin Nijar ta haka. Gawo ya dawo, ƙasa ta yi ƙarfi, dabbobi suka samu abinci.

Kai ma kana da rawar takawa. A sharar gona ta bana, roƙi Baba a bar tohon gawo da ɗorawa, musamman kusa da rafi, don saiwa ce ke hana zaizayar da ke cika dam da yashi. Kada ka sayi gauraka ko sassan ungulu. Datar da kake ƙonawa a TikTok kuwa, ware kaɗan: ɗauki muryar kakanka yana lissafa tsuntsayen da ya sani, ka ɗora. Wanda bai san abin da ya ɓata ba, ai ba zai fita nema ba.