Taswirar Tunani: Yadda Na Daina Karanta Wa Jama'a Takarda

Duk wanda ya saba halartar tarurrukan ƙara wa juna sani a Kano ko Kaduna ko Abuja ya san wannan hali: shugaban taro ya ba mai maƙala minti 20, shi kuwa ya zo da shafi 30, ya sunkuyar da kai ya yi ta zuba karatu kamar mai biya hadda, har a miƙo masa 'yar takarda cewa lokaci ya ƙure alhali ko shimfiɗa bai gama ba. Ban faɗi haka don cin fuskar kowa ba, domin kuwa ni ma na daɗe a wannan sahu.

Abin da ya fitar da ni shi ne wata kunya da na sha. Ina shafi na 6 na PowerPoint aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, majigi ya mutu, ni ma bakina ya mutu. Batu ne da na shafe wata guda ina bincike a kansa, amma na kasa sanin me ke biye da me. Bayan an watse, wata abokiyar aikina ta zaunar da ni ta nuna mini yadda take tsara nata jawabin a falle ɗaya tak, abin da ake kira taswirar tunani.

Baturen Ingila Tony Buzan, wanda ya rasu a 2019, shi ya yayata wannan dabara ta wani shirin talabijin na BBC a 1974. Sai dai tushenta ba baƙo ba ne a wurinmu. Wanda ya yi karatun nahawu a zaure ya san yadda ake kasa magana gida uku, ismu da fi'ili da harafi, kowanne da rassansa, haka ma bishiyar salsala da ake zanawa a gidajen sarauta.

Ga yadda nake yi, mai karatu. Nakan kwantar da takarda a kaikaice, in rubuta saƙona a tsakiya. A lura, saƙo na ce, ba take ba. Alal misali, "Ƙarancin ruwa a unguwarmu" take ne kawai, amma "Gyaran tsofaffin famfuna ya fi haƙa sababbi sauƙi" magana ce da za a iya yarda da ita ko a musa. A nan nake fi daɗewa, kuma sau da yawa a nan nake gane cewa ban ma san abin da nake son faɗi ba tukuna. Daga tsakiyar sai in ja rassa huɗu ko biyar: musabbabin matsalar, waɗanda ke shan wahalarta, abin da aka gwada, da abin da nake nema daga masu sauraro. Kowane reshe kalma ɗaya ko biyu yake ɗauka, sannan ƙananan rassa su tsiro daga jikinsa. Ba na wuce biyar, saboda ƙwaƙwalwar mai sauraro tana da iyaka. George Miller ya ƙiyasta ta a wajen abubuwa 7 a 1956, wasu masu bincike na baya kuma suka ce ta fi kusa da 4.

Amfanin zanen shi ne ba ya rufa wa mai shi asiri. Da kallo ɗaya za ka ga reshen da ya yi dumu-dumu da hujja, da wanda yake tsirara. A gefen kowane reshe nakan rubuta mintunansa. Idan manyan baƙi suka makara aka zaftare mini rabin lokaci, sai in sare ƙananan rassa in bar manya, maimakon in shiga tsere da agogo. Idona kuma yana kan jama'a, don haka nakan ga wanda ya ɗaure fuska in ƙara masa misali.

To amma kada a ɗauke ta laya. Da'awar da aka riƙa yi cewa tana haɗa aikin ɓangaren ƙwaƙwalwa na hagu da na dama, binciken masana bai tabbatar da ita yadda ake zuzuta ta ba. Alƙaluma da maganar wani da zan kawo, su nakan rubuta daban in karanta su harafi da harafi, don ba a ƙagensu. Wanda aka wakilta ya karanta jawabin maigidansa ma, ba shi da zaɓi sai karatu. Na kuma taɓa kuskuren haska taswirata a majigi, jama'a ba su ga komai ba sai saƙar gizo-gizo. Akwai manhajoji irin su XMind masu yin wannan zane a kwamfuta, na gwada, amma na koma wa biro da takarda, wadda nakan ninke gida huɗu in jefa a aljihun gaba.